Idan gari ya tace ruwan dattinsa, me zai isa korama da garake?

Tambaya: Wani manomin rani daga kudancin Damagaram ya ce hukumar garinsu, gari mai mutum wajen dubu 20, tana shirin gina wurin tace ruwan datti a gefen fadama, sama da garakensu. Yana son sanin ko ruwan da zai riƙa fitowa daga wurin zai ɓata korama da rijiyoyin garka, da abin da ya kamata su nema kafin a fara haƙa.

Amsa: Malam, wurin tacewa da aka gina daidai, aka kuma sa masa mai kula, ya fi muku halin da kuke ciki yanzu nesa ba kusa ba, domin ko yau ma dattin garin wurinku yake gangarowa, ba a dai tace shi ba ne. Wanda aka gina a gurguje kuwa yana iya fin rashinsa muni, saboda zai tattara ƙazantar da ke warwatse a unguwanni ya juye muku ita a wuri guda.

Yawancin tsare-tsaren da ake kwafowa daga waje an yi su ne don garuruwan da ke bakin kogi mai gudu rani da damina, inda ruwan da aka tace ke faɗawa cikin wanda ya ninka shi sau goma ko ɗari ya tsarma. Mu ba mu da wannan. Korama da rassanta, daga wajen Kance da Matamai har ƙasar Mirya da Magarya, 'yan watannin damina suke gudu, sauran shekara sai gurabe da tabkuna da ruwan da ke kwance ƙarƙashin rairayi. Daga Nuwamba zuwa Mayu duk abin da ya fito daga bakin bututun wurin tacewa shi ne ruwan koramar, babu abin da zai gauraya da shi. Kuma a fadamun nan ruwan ƙasa kusa yake, wani wuri mita 2 zuwa 5 ka tarar da shi. Saboda haka kogin da ya kamata a ji wa tsoro shi ne wanda kuke jawowa da guga da inji. Birnin Damagaram kansa a kan dutse yake zaune, shi ya sa aka daɗe ana kawo masa ruwa daga Gogo da Machaya da Arunguza. Ku na kudu rairayi gare ku, kuma rairayi ba ya riƙe sirri, abin da aka zuba sama zai sauka.

Abu huɗu ne ke cikin ruwan dattin gari da suke yi wa na ƙasa da shi illa, kuma kowanne hanyarsa daban. Na farko ruɓaɓɓen abu: kashi, sauran abinci, ruwan wanke-wanke, jini. Masu aikin suna auna shi da ma'aunin da suke kira DBO, wato yawan iskar oksijin da ƙwayoyin bakteriya za su cinye cikin kwana 5 suna ruɓar da shi. Mutum ɗaya yana fitar da wajen giram 40 a rana. Ruwan tabki mai zafin digiri 30, ko ya ƙoshi da iska, bai wuce miligiram 7 da rabi na oksijin a lita ba, karfasa kuwa tana fara wahala in ya sauka ƙasa da 3 ko 4. Ka ga ƙazantar mutum ɗaya ta rana guda ta isa ta shanye iskar da ke cikin lita fiye da dubu 5. Kuma ba a bakin bututu abin ya fi tsanani ba, sai can gaba, inda ruwan ya yi tafiyar yini ɗaya ko biyu ko inda ya tsaya a gurbi. Alamar da za ka gani da ido ita ce da asuba: karfasa ta taso sama tana haɗiyar iska da baki, tarwaɗa kuwa ko a jikinta, don ita tana shaƙar iskar sarari. Tabkin da ya koma tarwaɗa zalla ya riga ya faɗa maka halin da yake ciki.

Na biyu ƙwayoyin cuta: na kwalara da taifot da atuni, da ƙwan tsutsar ciki da ke iya yin watanni har fiye da shekara a cikin laka da ransa. Annobar kwalarar 2021 ta taɓa jihohin Damagaram da Maraɗi sosai, ba sai an tuna wa kowa ba. Na uku taki, wato sinadaran da ke cikin fitsari da sabulu. A gona alheri ne, a tabki kuwa gansakuka yake haifarwa da kachalla da ke toshe hanyar ruwa, a rijiya kuma ya zama nitirat. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 50 a lita ga ruwan sha, musamman saboda jarirai 'yan ƙasa da wata 6, kuma tafasa ruwa ba ya cire shi, ƙara masa kauri yake yi. Na huɗu gishiri da kanwa, wanda babu wani tabkin tacewa da ke cire su. Zan dawo kansa, don shi ne ake yawan mantawa.

Yanzu a tambayi hukumar: wane ruwa ne za a kai wurin, kuma ta wace hanya? A ƙananan garuruwanmu babu bututun ƙazanta da ya ratsa gidaje. Kashi yana cikin salga da ramukan siminti, ruwan wanka da wanki kuwa yana bin lungu ko ramin ƙofar gida. Abin da ke motsawa shi ne dagwalon da ake yasowa in salga ta cika, da mota ko da shebur da bokiti, a zubar bayan gari, a gona, ko a tsohon ramin da aka ɗebi ƙasar gini. Wannan dagwalo ya ninka ruwan datti na yau da kullum kauri sau 10 zuwa 100. Yana bushewa a inda aka zuba shi, ruwan farko na Yuni ya kwashe shi gaba ɗaya zuwa korama a dare guda. Shi ya sa kifi ya fi mutuwa a farkon damina, gudawar yara ma a lokacin take tashi. Garin da ya gina manyan tabkuna amma bai tanadi inda motar yasa za ta juye ba ya bar babbar matsalar a waje.

Wurin shanya dagwalo ba shi da wuyar gini. Gadaje ne na siminti, a ƙasa bututu mai huji, a kansa tsakuwa manya sannan ƙanana kamar santimita 20 zuwa 30, a sama rairayi mai tsabta santimita 10 zuwa 15. Ana juye dagwalo kauri santimita 20 zuwa 30, kada a wuce haka, in ba haka ba sama ta yi ɓawo ciki ya zauna ɗanye. Mota mai ɗaukar kubik 8, wato lita dubu 8, tana bukatar gado mai faɗin murabba'in mita 32. A raninmu kwana 10 zuwa 15 ya isa ya tsattsage a kwashe shi da shebur. Da damina sai an ƙara. Gari irin naku da bai wuce mota guda a rana ba, gadaje 15 zuwa 20 sun ishe shi. A bakin wurin juyewa a sa raga ta ƙarfe mai tazarar santimita 2 ko 3, domin abin da ke fitowa daga salga ba kashi kaɗai ba ne: leda, tsumma, ƙunzugun yara, duwatsu, kwalabe. Busasshen dagwalon kuma bai zama taki ba tukuna. Sai an jibge shi ya shekara, ko a haɗa shi da shara mai ruɓewa a yi takin da zafinsa ya haura digiri 50 na aƙalla mako guda ana juya shi. Ruwan da ya tsiyaye ta ƙarƙashin gadajen baƙi ne, mai ƙarfi. Shi ne za a tura cikin tabkuna, ba korama ba.

Tabkunan tacewa su suka dace da ƙasarmu, ba injuna masu cin lantarki ba, don rana da zafi da fili muna da su, wuta da kayan gyara kuwa ka san halinsu. Jere ake yin su, ruwa na bi daga wannan zuwa wancan da kansa. Na farko mai zurfi ne, mita 3 zuwa 4, babu iska a cikinsa. Laka tana kwantawa ƙasa tana ruɓewa. Za ka gan shi baƙi-baƙi ko toka-toka, yana ɓulɓulo da ƙananan kumfa, sau da yawa da ɓawo a sama. A bar ɓawon, yana rage wari. Na biyu mai faɗi ne, zurfinsa mita ɗaya da rabi, inda gansakuka ke samar da iska da hasken rana, bakteriya su ci ƙazanta da ita. Lafiyayyensa kore ne shar. Na uku da na huɗu ba su wuce mita guda ba, aikinsu kashe ƙwayoyin cuta da rana da daɗewa, kowanne ruwa ya yi kwana 5 ko sama a ciki.

Ga lissafin da za ka iya gwada takardarsu da shi, in an ɗauka garin duka aka haɗa da bututun datti. Mutum dubu 20, kowa na amfani da lita 30 a rana, kashi 80 cikin 100 na komawa datti: kubik wajen 480 a rana, ɗauke da kilo 800 na DBO. Wannan ya haura miligiram 1600 a lita, ninki huɗu ko biyar na ruwan dattin biranen Turai, saboda mu da ruwa kaɗan muke wanke ƙazanta mai yawa. Duk injiniyan da ya auna girman tabki da yawan ruwa kawai, bai duba kaurinsa ba, zai gina muku ƙarami. Ana kuma yin lissafi da watan da ya fi sanyi, Disamba ko Janairu, a ɗauki digiri 20, ba zafin Afrilu ba. A wannan sanyi tabkin farko yana ɗaukar giram 300 a kowane kubik a rana, ke nan kubik wajen 2700, kuma yana cire kashi 60 cikin 100. Sauran kilo 320 su shiga na biyu, wanda ke ɗaukar kilo 250 a hekta a rana: hekta ɗaya da kusan sulusi. Da ƙananan tabkunan ƙarshe da ganuwa da hanya da gadajen shanya, a nemi hekta 3, a kuma killace wani filin a gefe, don garuruwanmu cikin shekara 20 suke ninkawa. In rabin gari ko kasuwa da asibiti da makarantu kaɗai za a haɗa, sai a rage gwargwado.

Wannan faɗin da ke tace ruwa shi ne kuma ke jawo matsalar gishiri. A bazara rana da iska suna shan milimita 8 zuwa 10 a kan buɗaɗɗen ruwa kowace rana. A hekta 2 na tabkuna wannan kubik 160 zuwa 200 ke nan, sulusin abin da ya shigo ko fiye. Ruwa ya tafi, gishirin ya zauna, abin da ke fita ya fi wanda ya shigo zartsi. Don haka girman da ya wuce kima shi ma kuskure ne a nan. Akwai ƙaramar na'urar auna gishiri da ake tsomawa a ruwa, ma'aikatan ruwa da na noma sun san ta: in ta nuna ƙasa da 700 a ma'auninta na µS/cm babu damuwa, daga 700 zuwa 3000 sai da lura, albasa da karas da salati su ne ke fara nuna wahala, sama da 3000 kuwa yawancin kayan garka ba sa jurewa. Mutanen Wagadugu a Burkina Faso sun ga wannan a tabkunan tacewa na unguwar Kosodo: ruwan masana'antu mai kanwa ya shiga ciki, manoman da aka ba filaye a ƙasan wurin suka tarar ƙasarsu ta yi tauri ta daina shan ruwa cikin 'yan shekaru. Ƙasar da ta yi kanwa gyaranta ya fi na rijiya wuya.

Daga nan za ka gane dalilin da ya sa sai an tsaya a kan mahauta da majema da marina. Jinin sa ɗaya in aka sake shi a magudana ya kai ƙazantar mutum 50 ta yini guda. A tare shi a mazubi, a dafa a shanya, abincin kaji ne. Tumbi da kashin dabba a kwashe su a bushe kafin a watsa ruwa. Majema ta gargajiya mai aiki da bagaruwa da toka tana fitar da ruwa mai kanwa da gishiri da gashi, sai an yi mata ramin kwantarwa nata. Wadda ke aiki da sinadarin kurom kuwa kada a yarda ruwanta ya shiga tabkunan ko kaɗan, don kurom yana taruwa a laka, lakar kuma gona za ta. Baƙin man gareji ma haka: ɗan kaɗan ya shimfiɗu a kan tabki na biyu ya hana shi iska.

Maganar rijiyoyinku kuwa a shimfiɗar ƙasan tabki take. A kan rairayi ba a haƙa rami a zuba ruwa kawai. Sai an daɓe yumɓu kauri santimita 30, hawa biyu na santimita 15, kowanne a jiƙa a daddanne, ko a shimfiɗa baƙar leda mai kauri milimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a liƙe gaɓoɓinta da zafi. Yumɓun da aka bari a rana mako biyu ba ruwa zai tsattsage, aikin ya tashi a banza. A cika tabki da ruwa da zarar an gama. Gwajin kuwa mai sauƙi ne: a rufe shiga da fita, a kafa sanda mai awo, a ajiye rabin durom cike da ruwa a gefe. Abin da tabki ya rage fiye da na durom, ƙasa ce ta sha. In ya haura santimita guda a rana, akwai yoyo. Gindin tabki ya kasance aƙalla mita 2 sama da inda ruwan ƙasa ke kaiwa a ƙarshen damina, a Satumba, ba a Mayu ba. A fadama wannan sharaɗi sau da yawa ba ya cika, kuma shi kaɗai ya isa a ce a matsar da wurin zuwa tudu.

Akwai wani dalilin na guje wa fadama: ambaliya. Damina irin ta 2024, wadda ta kayar da tsohon masallacin Birni a Damagaram, in ta samu tabkuna a kan hanyar ruwa za ta wanke lakar shekaru ta kai muku garka. Ganuwa ta ɗara ruwan tabki da rabin mita aƙalla, a kewaye wurin da magudanar da za ta kauce da ruwan sama, kuma kada a haɗa lambatun ruwan sama na gari da bututun datti, don rairayin da yake kwasowa zai cike tabkin farko cikin damina biyu. Ta fuskar wari, hunturu daga arewa maso gabas yake busowa, iskar damina daga kudu maso yamma. Wurin ya fi dacewa a arewa maso yamma ko kudu maso gabas da gari, nesa da gidaje mita 500 ko fiye.

Yawancin wuraren da suka lalace ba gini ne ya kashe su ba, rashin mai kula ne. Raga ba a share ta kullum. Ciyawa ta fito a gefen ruwa, sauro ya samu inuwa, dodon koɗi mai ɗauke da tsargiya ya samu mazauni. Shi ya sa ake jera duwatsu ko falankin siminti a daidai layin ruwa. Laka ta cika tabkin farko, a kowace shekara mutum ɗaya yana ƙara wajen lita 40, ba a yashe ba har ta wuce sulusin zurfi, ruwan ya riƙa wucewa ɗanye. Don haka ake yin tabkin farko guda biyu gefe da gefe, a rufe ɗaya a yashe ɗaya na aiki. Ana gane zurfin lakar da doguwar sanda da aka naɗe da farin tsumma. In ka ga tabki na biyu ya bar kore ya koma ruwan hoda ko ja-ja ko madara-madara, da warin ruɓaɓɓen ƙwai, an yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa. Wani lahani da ba a gani da wuri shi ne mashiga da mafita suna kallon juna: ruwan da aka lissafa zai yi kwana 30 sai ya yanke ya fita cikin kwana 3. A sa su a kusurwoyi masu nisa da juna, a kuma ɗebi ruwan fita daga ƙasan fuskar ruwa, ba daga sama inda gansakuka da kumfa suke ba. Sai shinge, saboda yara da dabbobi.

A ganina ruwan da aka tace kada a sake shi cikin busasshiyar korama ko kusa. A can zai zama dogon gurbi mai sauro, dabbobi su sha, yara su yi wanka, sauran ya nutse kusa da rijiyoyi ba mai lura. A ware masa fili a yi ban ruwa da shi da gangan. Kubik 300 a rana na iya shayar da hekta 4 zuwa 5 da rani, da takinsa a ciki. Ma'aunin da aka daɗe ana aiki da shi, na Hukumar Lafiya ta Duniya na 1989, shi ne kada ƙwayoyin bakteriyar kashi su wuce 1000 a mililita 100, ƙwan tsutsa kuma kada ya wuce ɗaya a lita, in za a shayar da abin da ake ci ɗanye. Jerin tabkunan da ruwa ya yi wata guda yana ratsa su yana iya kai wannan. Duk da haka a fara da itatuwa, ciyawar dabbobi, masara, dawa. Salati da kabeji da tumatir su zo daga baya, in gwaji ya nuna. A shayar ta kwari-kwari a gindin shuka, ba da bututun yayyafi a kan ganye ba, a dakatar da ban ruwan kwana 3 ko 4 kafin a cire kaya, masu aiki su sa takalmin roba. Rake da ake ɓarewa da haƙori a kasuwa shi ma a lissafa shi cikin abin da ake ci ɗanye.

Kafin a sa diga a ƙasa, ku nemi a nuna muku binciken tasirin aikin ga muhalli. Doka ta tanadi a yi shi a kuma saurari mutanen da abin ya shafa, kuma hukumar ƙasa mai tantance tasirin ayyuka ga muhalli, wato BNEE, ce ke duba shi. Ku dage a auna ruwan rijiyoyinku tun yanzu, nitirat da gishiri da bakteriyar kashi, sau ɗaya a ƙarshen rani sau ɗaya a ƙarshen damina, ƙungiyarku ta riƙe kwafin takardar, don in ba ku da awon farko ba za ku iya nuna cewa wani abu ya canza ba. A haƙa ƙananan rijiyoyin sa ido uku, ɗaya sama da wurin, biyu tsakaninsa da garake, a riƙa auna su duk wata 3. Iskar ruwan tabkin da ke ƙasa da ku kuwa da asuba ake auna ta. Da la'asar gansakuka ta cika shi da iska, kowane tabki lafiyayye yake a takarda. Sannan ku tambayi shugaban hukumar gari a gaban jama'a: wa zai biya albashin mai gadi da leburori biyu bayan masu ba da tallafi sun tafi, nawa motar yasa za ta biya in ta juye, kuma me za a yi wa direban da ya ga kuɗin sun yi masa yawa ya koma juyewa a bayan gari.